Ƙwayoyin da na ɗebo daga tukunyar Gwaggo

Shekarata ta biyu a karatun ƙananan halittu, malaminmu ya ce kowa ya kawo abin da zai yi bincike a kai. Ni sai na tuna da kokon Gwaggo, yayar mahaifina, da ke zaune a wani ƙauye kusa da Mayahi. Kokonta yana da wani tsami mai laushi da ban taɓa ji a wani gida ba.

Na je da hutun makaranta. Da ta ga ina ɗibar ƙullun gero daga tukunyarta ina zubawa a 'yan kwalabe, ta tsaya riƙe da ludayi.

"Ɗiyata, yunwa ake yi a lakwal ɗin naku?"

Na ce mata akwai halittu a ciki waɗanda ido ba ya gani, su ke kawo tsamin, su nake so in sani. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ƙara mini ludayi guda. Na jera kwalaben cikin ƙanƙara, na rungume su a mota har Tasawa, daga nan na kama hanyar birni.

A labo, wato ɗakin bincikenmu, na raini ƙwayoyin, muka karanta abin da ke rubuce a gadon halittarsu. Na'ura ta fitar da jerin furotin da suke ƙerawa, wato 'yan ma'aikatan da ke gudanar da komai a jikinsu. Manyan duk an san aikinsu. Amma a ƙarshen jerin akwai wasu gajeru da yawa, kowane an rubuta a gabansa: ba a san aikinsa ba. Malamina ya ce shekaru da dama na'urorin ma watsar da irinsu suke yi, don sun yi ƙanƙanta. In ka zo kama su kuma, sai su zube ta kayan aikin kamar gari a rariya.

Na zaɓi guda ɗaya. Wata da watanni ina fama kafin na iya cire shi daga jikin ƙwayar, don in ga abin da zai lalace. Babu abin da ya lalace. Ta ci, ta hayayyafa, kamar ban taɓa ta ba. Ranar na fita na zauna a bakin matakala.

Da na koma ƙauye da bazara na ba Gwaggo labari, ba don ina zaton za ta gane ba. Tana tsince gero, ba ta ɗago ba ta ce, "Me kike ba su?"

Na ce wani ruwan abinci ne da ake haɗawa a labo.

"Ba gero?"

"Babu gero, Gwaggo."

"A ɗakin sanyi kuma? Ai ni ƙulluna na bazara daban, na damina daban. Kin raba su da gidansu, kin ce su nuna miki hali."

Na koma labo da tiya biyu na geronta. Na jiƙa, na niƙa, na sa ƙwayoyin a ciki, wadda na cire wa furotin da wadda ban taɓa ba, na ɗaga zafin ya kai na tsakar gidanta. Kwanan farko babu bambanci. Sai da tsami ya yi ƙarfi, wadda na cire wa furotin ɗin ta fara ja da baya, 'yar'uwarta na ci gaba. Na maimaita sau uku don ban yarda da idona ba.

Ranar kare aikina, wata malama cikin masu jarrabawa ta tambaye ni, to mene ne ainihin aikinsa? Na ce na san lokacin da ake bukatarsa, amma yadda yake yi, ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu, ta ce in ci gaba da shi. Har yanzu shi nake bi, sauran gajerun kuma ko taɓa su ban yi ba.