Rijiyar Gwaggo da Baƙin Gusau

A bayan gidanmu a Ƙaura Namoda akwai wani fili da muke shanya dawa a kai tun muna yara. 'Yan shekarun nan wani kamfani ya saye shi, ya kafa dogon ƙarfen sabis, ya gina wani ɗaki marar taga a gindinsa. Yayana, wanda ke aiki a sakatariya kuma yake ganin babu abin da ya shige masa duhu a duniya, ya ce na'urori ne maƙil a ciki, ta nan saƙonnin waya ke bi har Shinkafi da Zurmi. Wai zafi suke ɗauka, dole a riƙa sanyaya su. Don haka aka kawo janareto mai ruri kamar tirela, aka haƙa burtsatse mai zurfin gaske.

Mahaifinmu ne limamin unguwa, shi ya yi addu'ar aza harsashi. Tukuicinsa, suka jawo mana wayar wuta da bututun ruwa ta kan katanga. Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗi. Ni malamar makaranta ce, da albashi ya shigo na sayi firji, har na fara yi wa randa kallon raini.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga wata tsohuwa ce da muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Mutanen gidanta manoma ne kaka da kakanni. Mijinta ya rasu ya bar mata rijiya a tsakar gida, wadda ya haƙa da hannunsa, kuma ruwanta rabin unguwa muka sha muka girma. A lokacin gidan cike yake da danginta da suka gudo daga Kurya Madaro saboda 'yan bindiga, yawanci mata da ƙananan yara. Sha da girki da wanki, duk a kan rijiyar nan suke.

Ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa ƙafewa ba. Amma da burtsatsen ya fara aiki, sai ruwa ya soma ja da baya. Gwaggo ta ƙara igiya, ta sake ƙarawa, har ta kai ga ɗaura yagaggen zane. Guga ya koma fitowa da laka. Duk matan unguwa mun san halin da ake ciki. Maza kuwa ko oho, domin namiji a unguwarmu buta kawai ya sani, kuma a cike yake tarar da ita.

Ana nan sai aka ce gwamnatin jiha ta sa doka: kafin a sabunta wa irin waɗannan gine-gine izini, sai ma'aikatan muhalli sun zo sun tambayi maƙwabta game da ruwa da hayaƙi da ƙara. Wata safiya suka iso daga Gusau, aka shimfiɗa musu tabarma a zauren Malam mahaifinmu, dattawa suka taru. Kowa aka tambaya sai ya ce lafiya lau, sabis ma ya gyaru. Shugaban baƙin mutum ne mai lura, ya ce yana son jin ta bakin mata. To, baƙo namiji ba ya shiga cikin gida, tsohuwa kuma ba ta zama gaban maza a zauren liman. Sai Malam ya aike ni, tunda ni ce 'yar boko.

Na tarar da Gwaggo tana tace ruwan laka da ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, mutanen gwamnati na zaure. Sun ce in tambaye ki ko ginin ga ya taɓa miki ruwa. In kin hwaɗi, suna iya hana 'yan kamfanin jan ruwa."

Ta ɗaga kai ta dubi bututun da ya ratsa katangarmu, ta daɗe tana kallonsa.

"In an hana su, ku hwa? Wutar Malam da ruwanai?" Ta girgiza kai. "Ɗiyata, Malam shi yay yi wa mijina salla, shi yar raɗa wa ɗiyana suna. Ni za ni aika kuka zaurenai gaban baƙi? Tahi ki ce musu lahiya lau. Ruwa na Allah na."

Na ce, "Gwaggo, ki dai duba." Sau ɗaya na faɗa, da muryar da ko ni ban yarda da ita ba. Ta kore ni da hannu.

Na koma na tsaya daga bakin ƙofa na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Babu wanda ya tambaye ni abin da na gani da idona, ni ma ban yi tayi ba. Na sha gaya wa kaina cewa 'yar aike ce ni. Abin da ke cina har yau shi ne, a kan hanyar komawa zauren wani sanyi na ji a raina, don na san firjina ya tsira.

Kafin damina ta zagayo rijiyar ta ƙafe ƙaf. Matan gidan suka koma zuwa famfonmu da bokiti, suna sallama a hankali, suna jira sai mun gama namu. Daga baya wani ɗan jikanta mai rarrafe ya kusa afkawa cikin ramin, Gwaggo ta ce a cike shi.

Matan unguwa muka taru da kwanuka, aka tara ƙasa a gefe. Na laɓe a baya, ina fatan a gama ban taɓa komai ba. Sai Gwaggo ta waiga tana nemana. Ta kamo hannuna ta ja ni bakin ramin, ta ɗora mini kwanon farko.

"Ke za ki hwara," in ji ta. "Ɗiyar Malam ta, hannunta na da albarka."

Na yi bismillah na zuba.