Yadda Bakina Ya Ƙwace Mini Allura

A makarantar koyon aikin jinya da na yi a gida, kafin mu iya riƙe allura mun iya zagin kanmu. In ɗaliba ta zubar da magani ko ta manta awon zafin jiki, ba ta jiran malama ta buɗe baki. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi ni sakarya ce, ba ni da amfani, ban san me ke damun kaina ba." Malama ta harare ta, ta ce, "To ya isa, tashi ki ba ni wuri." Shi ke nan magana ta mutu. Haka muke yi gaban iyaye ma. Ladabi ne, kuma kowa ya san ba da gaske ake faɗa ba. Kowa ban da ni. Ni da na yi ta maimaitawa sai na yarda, har ta kai ko babu malama a kusa ina yi wa kaina a zuci, a wurin aiki, a kasuwa, har a kan sallaya.

Da wannan guzurin na sauka Jidda. Wani asibitin kuɗi kusa da unguwar Ruwais ne ya ɗauke ni aiki a sashen mata, kuma shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, tana hannunsa. An gaya mini tun ranar farko cewa akwai watannin gwaji. In an gamsu da ni in zauna, in ba a gamsu ba a yanka mini tikiti. Ni kuwa da mota biyu dangi suka raka ni filin jirgi, har da masu kuka. In na koma kafin shekara ta zagayo, ban san da wace fuska zan shiga unguwa ba.

Shugabar nas-nas ta sashenmu haifaffiyar Jidda ce, amma kakanninta Hausawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Tana jin Hausa sarai. Magana ce sai ta haɗa da Larabci, tana jan kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da na ji haka sai na saki jiki, na ce Allah Ya haɗa ni da 'yar gida.

Ban daɗe da farawa ba aka ce in sa wa wata mata mai ciwon suga kanula, ƙaramar robar nan da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa. Na soka ban samu ba. Na sake, ban samu ba. Dokar wurin ita ce in ka gwada sau biyu sai ka kira wani, don haka na kira shugaba, ta zo ta saka. Wannan abu ne da ke faruwa da kowace nas a duniya. Amma muna fita baranda na sha gabanta, na sunkuyar da kai, na zuba mata karatun da na haddace.

"Sista, ki yi haƙuri. Wallahi ni sakarya ce, ban iya komai ba. Hannun nan nawa ba shi da amfani."

Ta tsaya tana kallona. "Ke ba ki iya aiki?"

"Wallahi ban iya ba, Sista."

"Tayyib," ta ce. "Halas. Daga yau ba allura, ba kanula. Ki yi awon zafi, ki gyara gado."

Ta wuce abinta. Ni kuwa ina nan tsaye, kai a sunkuye, ina jiran a ce mini ya isa. Har ta sha kwana ba ta waiwayo ba.

Raini da haushin da na ji ba sa faɗuwa. A ce mace jininta Hausa, sunanta Hausa, amma ba ta san bambancin ladabi da rahoto ba! Washegari na same ta na ce ai jiya ba haka nake nufi ba, haka muke magana a gida. Ta ɗaga kai daga kwamfuta ta ce, "Ke kin faɗa da bakinki, har da wallahi. Yanzu wanne ni in yarda? Mariid ba abin wasa ba ne." Mariid shi ne majiyyaci. Na fito ina tsaki a zuci.

Haka na koma mai tura keken awo daga gado zuwa gado, da takardar shaidata da shekarun da na yi ina aiki a gida. Watannin gwaji suna tafiya, kuma na san babu asibitin da zai riƙe nas ɗin da ba a yarda ta taɓa allura ba. Muryar da ke cikin kaina kuwa ta samu abin yi. Tun ina buɗe ido take farawa: kin ga ni, dama na faɗa miki, banza, kin zo ƙasar mutane kin tona wa kanki asiri. Hannuna ya soma rawa ko ma'aunin zafi na ɗauka.

A gidan ma'aikata an haɗa ni ɗaki da wata nas 'yar Siri Lanka, mai bin addinin Buddha, siririya, ba ta da yawan magana. Da Turanci muke hira in ta kama. Kullum in na idar da sallar asuba sai in gan ta ta jefa filo a ƙasa, ta naɗe ƙafa, ta fuskanci durowar kaya, ta rufe ido. Ba motsi, ba karatu, ba carbi. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, ita kuwa tana nan kamar an dasa ta. Na raina wannan zama iyakar raini. Na ce a raina, mutum ya tsallako teku neman abinci, ya ƙare da zaman kashe wando gaban durowa. Ko barci ne ma ai ya fi, aƙalla jiki zai huta.

Wata safiya na fito daga wanka ta ce mini, "Da wa kike faɗa a banɗaki?"

Na ce ba kowa. Ashe zagin ya fara fitowa fili ban sani ba.

Ta ce, "Ba na jin yarenku, amma ina jin muryar. Da ni ake yi wa magana haka da tuni na nemi a canja mini ɗaki."

Na ce mata mu haka aka rene mu, da zafi, shi ya sa muke da tarbiyya. Ta ce to, tarbiyyar ta hana hannun rawa? Na ji kamar in kwaɗa mata tawul ɗin da ke hannuna. Amma hannun yana rawa a lokacin, kuma tana ganinsa.

Kwana biyu ban kula ta ba. A na uku na tambaye ta, cikin gatse, me take samu a gaban durowar nan. Ta ce numfashinta take kallo. Na yi dariya har da riƙe ciki. Numfashin da jariri ke yi ba tare da an koya masa ba, shi ne abin kallo? Ta bar ni na gama, sannan ta ce in zauna in gwada in ga ko zan iya bin sa ya shiga ya fita ba tare da hankalina ya gudu ba.

Na gindaya mata sharuɗɗa. Ni Musulma ce, ba na rusuna wa komai, ba zan faɗi kalma ko ɗaya ta addininsu ba, kuma ba zan yi a kan sallayata ba. Ta ce babu rusunawa, babu kalma, hanci ne nawa kuma iska ta kowa ce. Sai na idar da salla da azkar, na naɗe sallaya na ajiye, na zauna a bakin gado. Abin da ta ce in yi ke nan: in sa hankali a ƙofar hanci, inda iska ke taɓawa. In tunani ya zo kada in kore shi, kada kuma in bi shi. In dai kira shi da sunansa a zuci, in ce "zagi ne," ko "tsoro ne," sannan in koma ga hanci.

Ban kai ko'ina ba muryar ta iso. Dube ki, ƙatuwar banza, ko numfashi ba ki iya ba. Na buɗe ido na ce mata na kasa, abin nan shirme ne. Ta tambaye ni me ya faru, na gaya mata. Ta ce, "To ai kin ji ta ke nan. Da can ba jin ta kike yi ba, biyayya kike mata. Ki ce zagi ne, ki koma."

Ta so ta ƙara mini wani darasi, wai in riƙa yi wa kaina fatan alheri a zuci, in ce in zauna lafiya, in samu sauƙi. Nan na taka mata birki. Na ce ni ba marainiya ba ce da zan zauna ina lallashin kaina, kuma in addu'a ce na san Wanda zan roƙa. Ta ɗaga kafaɗa ta ce in bar shi. Har yau ban yi wannan ba.

Na ci gaba da zaman hancin, ba don na yarda da shi ba, sai don ba ni da wata dabara. Ban ga haske ba, ban ji wata natsuwa ta sauko mini ba, ƙafata ce kawai ke yin sanyi. Amma da na yi ta sauraron muryar nan kullum da safe, sai na gano wani abu da ya ba ni mamaki. Ashe matsiyaciya ce. 'Yan kalmominta ba su cika cikin cokali ba: sakarya, banza, kin ga ni, dama na faɗa. Su take juyawa tun ina budurwa, ko sabon zagi ɗaya ba ta ƙirƙiro ba. Kuma duk surutun nan babu shawara ko guda a ciki. Ba ta taɓa ce mini ɗaura igiyar matse hannu sama kaɗan ba, ko sa tsumma mai ɗumi jijiya ta taso. Ba ta san komai a aikin jinya ba. Shekara da shekaru ina ɗaukar ta malama, ashe 'yar zaman baranda ce mai sa ido. Rainin da nake raba wa mutane kyauta, ranar na juya shi inda ya dace.

Ba ta daina zuwa ba. Sai dai yanzu in ta fara, ina tura keken awo, sai in ce a raina, "Zagi ne," in ji iska a hancina, in ci gaba da abin da nake yi. Rawar hannun ta ragu.

Ana saura kaɗan gwajina ya ƙare, wata rana bayan azahar, aka kawo wata tsohuwa daga unguwar Hindawiyya a nan Jidda, cikin Hausawan Sudan, gudawa ta tsotse ta. Shugaba ta leƙo ta yafito ni. "Yalla, zo. Ke za ki sa. Ni ina kallo." Na san wannan hannun tsohuwar shi zai yanke zamana ko tafiyata.

Na gaishe ta, "Sannu Hajiya, ya jiki?" Ta buɗe ido jin Hausa, ta ce, "Da sauƙi, 'yata." Fatarta ta yi laushi, jijiyoyin sun lafe. Na ɗaura igiya, na lalubo wata siririya a bayan hannu, na yi bismilla na soka. Ta goce.

Muryar ta zo a guje da kayanta gaba ɗaya. Wuyana har ya fara sunkuyawa da kansa, bakina ya ɗauko wallahi. Na ce a zuci, zagi ne. Na ja iska, na ji ta a hanci, na sake ta.

"Ban samu ba, Hajiya, ki yi haƙuri," na ce. "Zan gwada ɗaya hannun."

Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na naɗe mata hannun, na sauke shi ƙasa da gado na ɗan jira. Shugaba tana tsaye a bayana tana kallo. Da na warware tsumman sai ga wata ta taso kusa da wuyan hannu. Na soka a hankali. Jini ya leƙo cikin robar. Na tura, na manne, na haɗa ruwan, ya fara ɗiga.

Tsohuwar ta kama yatsuna da ɗaya hannun. "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Hannunki da sauƙi, kin iya aikinki."

Amsar tana kan harshena, a shirye: a'a Hajiya, ni wa, sa'a ce kawai, ni da ban iya komai ba. Ita tsohuwar da ta gane, da ta yi murmushi ta ce kayya. Amma wadda ke tsaye a bayana duk abin da na faɗa shi za ta ɗauka. Na haɗiye. Sai da na ji kamar na yi rashin kunya a gaban uwata kafin kalmar ta fito.

"Amin, Hajiya. Na gode."

Shugaba ta duba ɗigar ruwan, ta duba manne, ta ce, "Tamam. Gado na gaba ma naki ne." Ta fita.

Na tattara kayana a faranti na nufi gado na gaba. Na haura shekara talatin a duniya, kuma ranar ce ta farko da aka yabe ni na karɓa ban mayar ba. Hawaye suna zuba cikin takunkumin fuskata, haushinsu nake ji, amma ban tsaya sharewa ba, don matar da ke gadon ta riga ta miƙo hannu.