Afuwar da Aka Riga Yaya Sambo Yi

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana, Malam Sambo, makwancinsa a Jabo, Allah Ya jiƙansa. Ya faɗo mini a rai makon jiya, ina sauraron muhawara a rediyo kan ko ya dace majalisar dokoki ta riƙa duba afuwar da gwamna yake yi wa fursunoni kafin a buɗe musu ƙofa.

Yaya ya ɗanɗani wannan magana tun ba ta kai rediyo ba. Ɗansa Bashiru ya rasu ne a rigimar iyakar gona, da sandar wani Umaru, mutumin Fakku. Kotu ta ɗaure Umaru. Yaya bai taɓa zaginsa ba. Yakan ce in ya cika wa'adinsa zai yafe masa da bakinsa, domin shari'a ta bar yafe jini a hannun masu jini, kuma yana kwaɗayin ladan.

Wata ranar kasuwar Kebbe, muna cikin awon dawa, sai ya ɗaga kai ya ga Umaru yana taya akuya. Afuwar gwamna ta fito da shi, babu wanda ya aiko mana ko da sallama. Ni da Yaya muka hau babur muka koma gida. Sai da muka sauka ya ce da ni, "Ba sakinai ad damuwata ba, Shehu. Abin da nika tanadi in kai gaban Allah, shi anka kyautar ba da sanina ba."

Bayan girbi ya sa na kai shi Fakku. Umaru ya fito, ya zube. Yaya ya ɗago shi, ya yafe masa a gaban liman da maƙwabta.

Da yana raye, ba na zaton zai so a rufe ƙofar afuwa. Akwai tsofaffi da marasa lafiya a kurkuku da suka cancanci tausayi. Ba kuma zai ɗauki 'yan majalisa waliyyai ba. Abin da zai tambaya shi ne, in sun zauna dubawa, za su kira uban wanda aka kashe?

Ranar jana'izar Yaya, Umaru ne ya riga kowa isa maƙabarta da diga a kafaɗa. Har yau in an tambaye shi wa ya sake shi, ba ya ambaton gwamna. Yakan ce Malam Sambo ne.