Likkafanin Alhaji Illa a Kujerar Baya

Ina buɗe shagona na atamfa a kasuwar Treichville wayar Habibu ta shigo. Habibu shi ne babban ɗan Alhaji Illa mai albasa na Adjamé. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Yaya Sale, Baba ya cika bayan asuba. Bayan azahar za a yi masa sallah. Ka taho da amanar nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan dilar kaya.

Alhaji Illa ba mahaifina ba ne, amma shi ya karɓe ni ranar da na sauka Abidjan daga Tawa ban san kowa ba. A gidansa na ci, a rumfarsa na koyi ciniki, shi ya tsaya mini na yi aure. Mutum ne marar hayaniya. In buhu ya fara ruɓa, da bakinsa yake gaya wa mai saye. In baƙo ya rasu a unguwa ba dangi, tsohuwar bashe ɗinsa, wato a-kori-kurar da yake ɗaukar albasa, ita ke kai shi maƙabarta, kuma ba ya yarda a zuba masa mai.

Wannan bashe kowa ya san ta a Adjamé, domin ba ta tashi sai an tura. Kullum da safe 'yan dako da masu shayi sukan taru a bayanta, shi yana ciki yana dariya. Mun sha roƙonsa ya sake mota, sai ya ce, "Motar da ake turawa tana tara maka mutane." Da na sayi tawa bara, sabuwa dal, irin wadda ba a murɗa mata makulli sai dai a danna, na kai masa ya sa albarka. Ya zagaya ta, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Sale, in ta yi fushi, da wane yare ake ba ta haƙuri?" Na ce ai irin waɗannan ba sa fushi, Baba.

Amanar da Habibu yake nufi likkafani ne. Alhaji ya sayo shi a Makka, ya wanke shi da ruwan zamzam, ya ba ni ajiya don shagona ba ɓera ba danshi. Ranar ya ce mini, "Duk abin da na tara na magada ne. Wannan kaɗai ne nawa, kada ka bari in tafi ba shi."

Na ɗauko ƙunshin na sa a kujerar baya tare da jakata, na tura ƙofa don in koma in rufe shago. Sai na ji ƙit. Mota ta kulle kanta, makulli yana cikin jaka. Masu sayarwa sun rantse mini ba ta yin haka muddin makulli yana ciki. Makulli na biyu kuma yana hannun ƙanena, ya yi tafiya Bouaké.

Wani ɗan dako ya miƙo mini dutse ya ce, "Patron, fasa gilashin mana!" A nan kunyar take, kuma zan faɗe ta yadda take: ban karɓa ba. Na kira kamfanin motar, suka ce in na fasa garanti ya tashi, in jira, ma'aikacinsu yana hanya. Ni kuwa na jira. Ina hango ƙunshin ta gilashi, ina tausayin gilashi. Habibu ya kira ya ce an gama wanka, ni ake jira. Na ce ga ni nan a kan gadar da ake hayewa zuwa Adjamé, alhali ina tsaye inda nake. Wallahi in na tuna muryata a lokacin, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da aka kira azahar na ɗauki dutsen. Gilashi ya watse, mota ta hau kuka, ta ƙi tashi sam, wai ni ne ɓarawo. Na rungumi ƙunshin na tari taksi, muka faɗa cunkoson unguwar Plateau. Ko da na isa Adjamé an riga an yi sallah. An suturta shi da farin yadi da aka yanko a kasuwa, domin gawa ba ta jira. Makara tana cikin bashe, jama'a sun taru suna turawa, har ba wurin sa hannu. Na cusa kaina, hannu ɗaya a jikin mota, ɗaya riƙe da likkafani. Turi ɗaya ta tashi.

Habibu ya dubi ƙunshin, ya dube ni, ya kau da kai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hajiya, matar Alhaji, kuwa, da na durƙusa gabanta ranar addu'ar uku, cewa ta yi, "Tashi, Sale. Ka ajiye shi, in baƙo ya rasu ba kowa sai a sa masa. Abin da Alhaji zai ce ke nan."

Allah ya jiƙan Alhaji Illa, ya haskaka kabarinsa, ya sa bayin Allah da ya raka makwancinsu su zame masa shaida. Allah ya ba Hajiya da Habibu da ƙannensa haƙurin rashi, ya albarkaci bayansa. Ya Allah, tufa ɗaya bawanka ya roƙa a duniya, ni na hana shi. Ka tufatar da shi da na Aljanna, ni kuma ka yafe mini. Amin.