Hoton Kaka Dije

Ranar wata Laraba, washegarin ƙaramar sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, Baffa Isuhu, da ya zo mana sallah daga Kano, ya zaunar da Kaka Dije kan tabarma a gindin darbejiyar gidanmu da ke Kanya Babba, ya kara wata 'yar baƙar kyamara a ido. Duk gidan ya yi tsit, har mai surfe ta jingine taɓarya. Kaka ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Abin da ya sa ta yarda shi ne 'yarta, Goggo Ladi, da aure ya kai Damagaram, shekara da shekaru ba su ga juna ba, kullum saƙonta ta bakin fatake ɗaya ne: a aiko mata da fuskar uwarta. Kaka ta ɗaura zanen saƙinta, ta ƙi ajiye mazarinta da audugar da take kaɗi, ta ce, "Sau ɗaya, Isuhu. In ka ɓata, ka ɓata." Ya danna, haske ya walƙa, kyamarar ta yi ƙugi tana jan fim. Kaka ta tashi ta kakkaɓe zane ta shige ɗaki.

Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya yi ni da shegen bin diddigi. Na taɓa kwance rediyon babanmu don in ga mutanen da ke magana a ciki, na sha bulala, ban daddara ba. Kaka kan ce mini, "Jummai, idon nan naki wata rana zai ja miki." Da la'asar, maza sun tafi masallaci, mata suna bayan gida wajen tuwo, na ga kyamarar rataye a ƙusa a ɗakin Baffa. Ba ɓarna na yi niyya ba. So nake in riga kowa ganin Kaka, don a tunanina hotunan na jere a ciki ƙanana ƙanana. Na fito da ita bakin ƙofa inda rana take, na tura wani ɗan maɓalli a gefe, bayanta ya buɗe. Babu Kaka, babu kowa, sai wata leda mai ruwan ƙasa a miƙe. Na ɗaga ta sama na leƙa sosai, sannan na rufe na mayar.

Da Baffa ya dawo sai na ji ya yi salati. Ashe akwai wata 'yar taga a saman kyamarar mai nuna yawan hotunan da aka ɗauka. Da safe tana kan ashirin da wani abu, yanzu ta koma farko. Ya tara mu yaran gidan a tsakar gida, ya bayyana cewa fim ba ya shiri da rana, da zarar haske ya taɓa shi kafin a wanke, ya ƙone. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya buɗe. Da ya zo kaina, na ce ban sani ba. Kowa ma haka ya ce. Ya je ya durƙusa a ƙofar Kaka ya roƙi a sake, ta ce ai ta gaya masa tun farko. Washegari ya koma Kano da kyamararsa, ya ce ƙila wasu hotunan su tsira, sai an wanke za a gani.

Mako uku na yi ba ni da sukuni. In na kora awaki bayan gari, kunnena na kan titi, ko wace motar haya ta tsaya sai in ɗauka hotunan ne suka iso. A makaranta malam ya kira sunana sau biyu ban ji ba, ya sa ni sharar fili ni kaɗai. Carafke da na fi kowa iyawa, duwatsun zubewa suke daga hannuna. Da yamma nakan zauna kusa da Kaka ina cire mata 'ya'yan auduga, in yi niyyar gaya mata ni ce na buɗe, sai in fasa. Ita kuwa takan dube ni ta wutsiyar ido ta ci gaba da kaɗinta. Har yau ina zargin ta sani.

Ranar kasuwa wani direba ya kawo ambulan ɗin hotuna daga Baffa. Aka baje hotunan a kan tabarma. Na farkon fim ɗin sun fita, da irin kyan hoton wancan lokaci: launi mai ɗumi kamar an shafa masa man ja, idanun yara jajaye saboda hasken kyamara, an yanke wa babanmu rabin hula. Aka yi ta dariya. Daga nan sai wasu farare fat, babu komai. Na Kaka yana tsakaninsu. Wani jan haske kamar harshen wuta ya cinye shi daga sama har zuwa ƙirji. Abin da ya rage zanen saƙi ne, da hannunta na dama riƙe da mazari, da zoben azurfa a ɗan yatsa. Babanmu ya ce ba komai, babbar sallah na tafe, Isuhu zai dawo a lallashe ta.

Kaka ba ta kai babbar sallah ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta ana tsakiyar noma. Goggo Ladi ta iso bayan an yi bakwai, aka miƙa mata hoton don babu wani. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Hannun Inna ne," ta kifa fuska a kansa. Ina tsaye a bayan rumbu ina jin kukanta, ban iya fitowa ba. Sai da na yi aure na haihu sannan na gaya mata gaskiya. Ta ce ta yafe, ta kuma ba ni hoton.

Yanzu wayata cike take da hotunan 'ya'yana, a ɗauka a duba nan take, wanda bai yi ba a goge a sake. Wani lokaci sukan ɗauko wancan daga cikin adaka su tambaye ni yadda fuskarta take. Nakan fara kwatantawa, sai in ga kowace shekara abin da nake tunawa raguwa yake. Hannun ne kawai ba ya gushewa, don shi kaɗai ɓarnata ta bari a hoton.