Ba Komai Ɗin da Aka Fassara

Shekara goma na yi ina wasan daɓe a Kano kafin karatu ya kawo ni Birmingham. Ba kyau gare ni ba, rangwaɗa ma ban iya ba. Murya ce jarina. In na buɗe baki, na layin baya ma sai ya gyara zama.

To muryar ce likita ya ce tana iya tafiya. Maƙoƙo ya fito mini, aka sa ranar aiki a wani asibiti a Edgbaston, aka kuma gaya mini gaskiya: ko ta dawo, ko ta dushe ke nan.

Wadda na fara faɗa wa ƙanwata ce, ba ta jini ba, ta zaman tare. A ɗakina ta sauka da ta zo ƙasar nan, ni na koya mata hawa bas, kafin ta koma Old Trafford a Manchester karatun fim. Bincikenta a kan wata Baturiya ne ta zamanin da, gwanar daɓe, wadda ta koma fim tun fim bai iya magana ba. Kullum cikin jimaminta take, wai kowa ya yabi muryarta amma ido da hannu kawai suka rage.

"Ke dai ba za a yi miki haka ba, Yaya," in ji ta. "Ki zo in ɗauke ki kafin operation."

Asabar uku ina hawa jirgin ƙasa zuwa Manchester. Na rera mata waƙar niƙa ta marigayiya mahaifiyata, wadda take tsokanar maƙwabciya mai rowar gishiri. Na yi ta dariya har da hawaye.

Aka yi aikin, muryar ta koma kamar ƙyauren da ya sha tsatsa. Ban damu sosai ba, tunda na san na ba da ajiya.

Ranar nuna fim ɗin na ci ado, na zauna a gaba. Sai ga ni a bango, baƙi da fari, bakina na motsi, ba abin da ke tashi sai kiɗan fiyano. Daidai wurin gishiri aka sako rubutun Turanci, wai wannan mata tana kukan ƙasarta. Hawayen dariyata ne Turawa ke kallo suna share nasu.

Da aka kunna fitila na ja ta gefe. "Ina sautin? Ba ni abina in tafi."

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, ai ban haɗa mic ba. Tun farko silent film na yi proposing, fim marar sauti. Na san in na faɗa ba za ki zo ba."

Ashe Asabar ukun nan iska nake yi wa waƙa, tana tsaye tana gyaɗa kai.

Malaminta ya iso yana murmushi, ya tambayi yadda na ji. Ban iya tsinka ta a gaban baƙo ba. Na dube ta na ce, "Ba komai."

Ta juya ta ce masa, "She says it's fine."

Da Bature ne ya fassara haka, wallahi da na yafe, bai san dawan garin ba. Amma ita da Hausar nan aka yaye ta. Ta san sarai lokacin da mace ke cewa ba komai.