Waƙar da Na Yi wa 'Yar Kabo

Shekarar da na fara koyarwa a firamare a Madadi, ɗan kawuna ya dawo daga Kano da kibod na kiɗa ɗan gwanjo da wata tsohuwar kwamfuta. Ya kama shago a Gwarzo, ya manna soson katifa a bango, ya ce sutudiyo ce. Ni kuma a lokacin wata yarinya 'yar Kabo da nake nema ta sallame ni, cikin ladabi ƙwarai. Ina fama da baƙin ciki, shi kuma ya rasa wanda zai gwada na'urarsa a kai. Sai muka yi waƙa.

Babu kalangu, babu garaya, ko tafi babu. Duk kiɗan daga cikin kibod ya fito, wani sauti mai ƙyalli kamar ana kaɗa kofunan gilashi, a ƙarƙashinsa wani dum-dum da ba ya gajiya. Ya ce kiɗan Turawa ne na zamanin iyayenmu da aka sake yayinsa. Muryata kuwa sai da ya bi da ita ta cikin kwamfuta, ta fito siririya tana rawa, kamar mai waƙa da kansa a cikin randa.

Na ce, "Yaya, wannan fa ba muryata ba ce."

Ya ce, "Shi ya sa ta yi daɗi."

Ranar wata Juma'a muka sake ta, wato muka kai wa masu tura waƙa a waya a bakin tasha. Ban sa sunana ba, domin mahaifina malamin Islamiyya ne, kuma a gidansa nake cin tuwo.

Wanda ya fara yi mata sharhi wani tsohon makaɗi ne daga Kara. A teburin mai shayi aka kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi wa ya kaɗa.

Aka ce, "Na'ura ce, Baba."

"Ta iya. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Sai dai ba ta san wanda take yi wa ba."

Bayan mako biyu wani malamin kwaleji ya yi dogon rubutu a zauren waya na 'yan garinmu. Ya ce wannan waƙa ta fi ƙarfin masu sauraronta. Wai wadda mawaƙin yake kira "ke" ba mace ba ce, gona ce, kuma baitin da ya ce an rufe masa ƙofa, tsadar taki yake nufi. Wani ɗan kasuwa ya mayar masa da martani, ya ce babu gona babu taki, ɓata tarbiyya ce kawai aka ɗora a kan lantarki. Kwana uku ana fafatawa. Da na kasa haƙuri na rubuta cewa a ganina waƙar soyayya ce kurum, wani ne aka ƙi. Malamin kwalejin ya amsa mini da layi ɗaya: "Malam, a ƙara dagewa da karatu."

A gida kuwa, Baba ya ji ta a wayar ƙanwata wata rana da hantsi. Ina tsakar gida ina goge takalmi. A waƙar na saka kalmar Larabci guda ɗaya don burgewa, ita ya kama.

"Ji yadda ya fitar da harafin nan. Wa ya karantar da yaron nan?"

Na ce, "Wallahu a'alamu, Baba."

"Ba laifinsa ba ne. Laifin malaminsa ne."

Shekara goma sha ɗaya na yi a gabansa da allo. Na ce haka ne, na ci gaba da goge takalmina.

Da kaka aka ɗaura auren yarinyar da wani mai sayar da kayan babur. Na je Kabo don kada a ce ina riƙe da abin. Bayan azahar muna zaune a rumfa ana rabon shinkafa, sai na ji kiɗana ya tashi daga cikin gida. Mata suka ɗauki guɗa. Baitin da na yi kwana huɗu ina gyarawa, wanda na zaci duk wanda ya ji sai ya yi hawaye, a kansa suka fi cashewa.

Angon ya zo gaisawa. Mutumin kirki ne, mai fara'a. Ya riƙe hannuna ya ce da wannan waƙar ya shawo kanta, kullum sai ya tura mata, har ta haddace.

"Duk abin da ke raina mutumin nan ya faɗa. Malam, kana da ita kuwa?"

Na ce a'a.

"Haba! Kawo wayarka."

Na miƙa masa. Muka tsaya muna jira ta gama shiga, yana ta ce mini in ƙara nama.